Sarƙar Toktosun

Kwalta ta ƙare a bayan Narin.
Daga nan sai tsakuwa, sai rafi, sai ikon Allah.
Na sa babbar giya, ƙafa huɗu suka kama ƙasa,
tsohuwar motata ta yi tari, ta gyara murya,
ta hau kamar akuyar da aka haifa a dutsen.

Baƙi uku a baya, sun biya tun daga gari.
Ɗaya na nuna min waya:
"Ga hanya nan, jan layi, har bakin tafki."
Na ce to.
Taswira ba ta san laka ba,
ba ta taɓa shaƙar ƙaurin kuloci ba.

A maƙogwaron kwari muka tarar da ita,
sarƙa, daga wannan dutse zuwa wancan,
da kwaɗo mai tsatsa kamar dunƙulen yaro.
Bara iska kaɗai ke gadin wurin.

Toktosun ya sauko kan goɗiya, ba ya sauri,
farar hularsa ta sha hayaƙi ta koma ruwan toka.
"Dutsen na gwamnati ne," na ce, "ga takarda."
"Na gwamnati ne," ya ce. "Ciyawar fa?
Ka taɓa ganin gwamnati da garke?"

Ya nuna da bulala.
Layi biyu sun tsaga makiyaya kamar tsagen fuska.
"Wata uku ciyawa ke da shi a nan sama.
Motar da ta yi wannan, minti biyar ta yi.
Ƙanƙara ta narke, ruwa ya ga hanya ya bi,
yau ɗan rago na faɗawa ba a ganin kunnensa."

Ni ma ina da 'ya'ya, Toktosun.
Nawa wata ukun ke nan, irin na ciyawarka.
Ban faɗa ba. Na juya kan mota,
na jira ƙugun goɗiya ya ɓace bayan tudu,
na zagaye sarƙar ta cikin fadama.

Kore shar, shimfiɗe kamar darduma.
Taku ashirin ta ba ni,
sannan ta buɗe baki.
Taya na juyi, laka na tsartuwa har gilashi,
mota ta durƙusa kan cikinta kamar raƙumi mai gardama.
Mai waya ya mai da wayarsa aljihu.

Rana ta faɗa bayan dutse, sanyi ya shigo da haƙoransa.
Sai ga Bermet, 'yar tsohon, da dawaki biyu da igiyar gashi.
Ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi.
Ja ɗaya, ja biyu, a na uku fadama ta tofar da mu.

Na ciro kuɗi. Toktosun ya dubi ramin, bai dube ni ba.
"Laka ba ta cin takarda."

Kwana muka yi a tantinsa,
nonon goɗiya mai tsami, gurasa, warin tumaki.
Da asuba ya miƙa min shebur.
Baƙina masu takalman dubu ɗari
suka yi ta jidar duwatsu a rigunansu,
muna cike abin da na haƙa, muna mai da ciyawa fai-fai
kamar masu yi wa ƙasa faci.
Tafki kuwa, a kan doki suka gan shi,
suka sauko suna tafiya kamar agwagi.

Da zan tafi ya riƙe ƙofar motar.
"Joomart, ƙarshen kaka ka dawo.
Gwiwar tsohuwa ta daina yarda da sirdi.
Ka bi tsakuwa, kar ka taɓa kore.
Mabuɗi na ƙarƙashin dutsen da ya yi kama da kan sa."

Na duba hagu, na duba dama.
Duk duwatsun kwarin nan
kama suke da kan sa.